Saitin da Ke Komawa Kowace Safiya

Ranar da ba ta fita daga raina a aikin nan ita ce ranar da na tsaya a ƙofar ɗakin saba na Saint-Fons, kofi biyu a hannuna, na kasa shiga, na kuma kasa komawa. Ku da kuka zo kamfanin nan bana kuna yi mini tsiya, wai na cika tambaya, wai kafin in taɓa na'ura sai na kira mutanen wurin ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman aure. To ku zauna ku ji inda abin ya samo asali.

Lokacin ban daɗe da shiga kamfanin nan ba. Daga Zariya na zo karatu, na gama, na yi ta 'yan ayyukan wucin gadi, sai nan aka ɗauke ni a matsayin ƙaramin ma'aikaci mai kula da sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da aikin kamfani. Kun dai san ƙasar nan, ba a ba ka kujera kai tsaye. Akwai watannin gwaji, kuma a cikinsu duk ranar da suka ga dama za su ce maka an gode, babu mai tambayar su dalili. Sai ka tsallake ake ba ka kwangilar dindindin, wadda sai da ita masu gidaje ke yarda su ba ka haya. Ni kuwa matata Mariyama ga ciki ya tsufa, muna cunkushe a ɗaki ɗaya wajen Porte de la Chapelle a Paris, a kan titin da mota ba ta yankewa. Don haka ba abin da nake so a duniya kamar in tsallake gwajin nan.

Kuma ba ƙoƙarina kaɗai ya samo mini aikin ba. Mahaifin Mariyama, Alhaji Lawali, mutumin Damagaram, ya daɗe ƙwarai a reshenmu na Saint-Fons, can kudu da Lyon, tun kafin a haifi wasunku. Shi ya yi wa shugabar sashenmu, Madam Silbi, magana a kaina. Ku da aka haifa a nan sai na yi muku bayani, don na ga wasunku suna yin musabaha da surukansu suna kallon tsakiyar idonsu. Mu ba haka aka rene mu ba. Ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, ba na ambatar sunansa, Baba nake ce masa. Shi ma da yake Mariyama ce 'yarsa ta fari, bai taɓa kiran sunana ba. "Malam" kawai yake ce mini, shi ma yana kallon gefe.

Reshen Saint-Fons tasha ce ta manyan tankokin da ke ɗaukar sinadarai. Mota ta zo, ta hau sikeli, a auna, a buga mata takardar fita, ta wuce. Takardar nan daga saba ɗaya take fitowa, wata tsohuwar na'ura da ke cikin wani ɗan ɗaki mai sanyi a bayan ofis. Da can Alhaji ne ke kula da ita. Shekarar da ta gabaci zuwana aka tattara kula da sabobi duka aka maido Paris, aka bar masa firintoci da wayoyi da kwamfutocin tebur. A rubuce, babu wanda ke taɓa saba a Lyon. Haka Madam ta faɗa mini ranar farko, ni ma haka na riƙe.

Bayan hutun Agusta, da aiki ya dawo gadan-gadan, sai kuka ya fara zuwa daga Saint-Fons. Takardar da ke fita cikin ƙiftawar ido ta koma sai an yi ta jira. Tankoki suna yin layi har bakin titi, direbobi suna ta danna ham. Madam ta tura mini aikin, ta ce, "Bashir, naka ne. Ka nuna mini."

Na shiga sabar daga kujerata a Paris. Ban jima ba na gano matsalar, har na ji kaina ya yi girma. Bari in bayyana wa waɗanda ba su taɓa buɗe wurin ba. Katin netwok shi ne bakin da saba ke magana da shi, ta kebul, zuwa akwatin da muke kira suwic, wanda ke rarraba maganar ga sauran na'urori. Direban katin, wato ɗan shirin da ke sarrafa shi, yana da jerin saituna. Ɗaya daga ciki shi ne na gudu. Ko dai ka bar shi a kan Auto, katin da suwic su daidaita da kansu, ko ka ɗaure shi da hannu, misali a kan 100 Full, wato gudun ɗari, kowa na aikawa yana kuma karɓa a lokaci guda. Sharaɗin ɗaya ne, dole ɓangarorin biyu su zama iri ɗaya. Idan ka ɗaure ɗaya ka saki ɗaya, wanda aka saki sai ya ɗauka hanyar ta mutum ɗaya ce, sai an jira juna, ɗayan kuwa yana ta kwararo kaya ba jira. Kamar lungunan cikin birnin Zariya ne, mai mashin ɗaya ya san lungun ba ya ɗaukar biyu, ɗayan ya shigo a guje. Idan ba cunkoso ba ka ganin komai. Da kaya sun yi yawa sai a yi ta karo.

Abin da na tarar ke nan. Katin a ɗaure yake a kan 100 Full. Na tambayi abokan aikinmu masu kula da suwic, suka ce ai cikin Agusta suka sabunta saitin akwatin daga nan Paris, suka mayar da kowace kafa Auto. Shi ke nan, magana ta fito. Na jira lokacin cin abincin rana da motoci suka ragu, na mayar da katin Auto. Layin ya ɗauke na ɗan lokaci, zuciyata ta ɗauke tare da shi, don in bai dawo ba ni na yanke igiyar da nake rataye da ita. Ya dawo, da gudu ninki goma. Kafin la'asar layin tankoki ya watse. Madam ta rubuta wa kowa cewa Bashir ya warware matsalar Saint-Fons ta hanyar gyara saitin katin. Ranar har nama na saya a hanyar gida.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Saint-Fons. Abin ya dawo.

Na shiga na duba. 100 Full. Na ce to, wataƙila ban danna adanawa da kyau ba, ɗan Adam ne. Na mayar Auto, na rufe, na sake buɗewa, na ga yana nan daram. Yamma lafiya lau. Washegari da safe, 100 Full. Ikon Allah! Na sake mayarwa. Gari ya waye, 100 Full.

Daga nan kaina ya fara ɗaurewa. Rajistar abin da ke faruwa a cikin sabar ba ta nuna kowa ya shiga ba. Abu ɗaya take nunawa, kowace safiya kafin motoci su fara zuwa, layin ya ɗauke ya dawo. Na ce direban katin ne ke yin tuntuɓe yana komawa tsohon saiti. Na sauko da sabon direba na ɗora. Ya koma. Na cire na mayar da tsohon, wanda ya girmi na farkon. Ya koma. Na kashe saitin da ke barin katin ya yi barci don tanadin wuta. Na bi dokokin da ake turawa sabobi daga sama ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wadda ke ɗaure gudu, babu. Na bi ayyukan da aka tsara su tashi da kansu da asuba, babu abin da ya shafi kati. Na zargi shirin rigakafin ƙwayar cutar kwamfuta, na zargi shirin ajiyar bayanai, har na zargi akwatin batir. Na shiga can cikin hanjin na'urar na rubuta lambar saitin da hannuna. Da safe na tarar da ita ta koma yadda take, wallahi kamar ana yi mini dariya.

Abin da ya fi rikita ni shi ne Asabar da Lahadi. Ranakun nan saitin ba ya motsi. Ina shiga daga gida in ga Auto, in ce alhamdu lillahi, gyaran Juma'a ya kama. Litinin da safe sai ya koma. Na zauna ina tambayar kaina, wane irin direba ne ya san ranakun hutu? Wani abokin aikinmu ɗan Kamaru ya ce ko dai in nemi a yi wa sabar tofi. Dariya muka yi, amma ni tawa ba ta kai ciki ba.

Za ku ce don me ban kira mutanen wurin ba. Ai ina kira! Kusan kullum sai na kira Alhaji, don shi ne idonmu a can. Ga yadda wayar take kasancewa.

"Salamu alaikum, Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau, Malam. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya su Mama? Ya sanyi?"

"Sanyi lokacinshi ne. Ya mai jikin?"

"Da sauƙi, tana gaishe ku."

"Madalla. Ya aiki?"

"Mun gode Allah. Baba, ya sikelin yau?"

"To, da sahe ya ɗan yi nauyi. Amma zuwa azahar yana sakewa. Kar ka damu, Malam, rezon nan, netwok ɗin da kuke cewa, tsoho ne, sannu-sannu yake kamawa."

"To Baba, Allah ya ƙara girma."

Shi ke nan. In ajiye waya in koma kan allo. Ban taɓa ce masa saitin yana komawa ba. Yaya zan buɗe baki in gaya wa mutumin da ya tsaya mini cewa aikin farko da aka ba ni ya gagare ni? Kuma ko a mafarki ban kawo in tambaye shi ko yana shiga ɗakin ba. Tambayar kanta zargi ce, kuma an riga an ce mini babu mai shiga.

Makonni suka shuɗe a haka. Aikina ya zama kullum da rana in shiga in mayar da Auto, kamar mai ba mara lafiya magani. Na daina cin abinci sosai. Mariyama ta ce ina magana cikin barci, wai ina cewa "oto, oto," har ta ɗauka mota nake mafarkin saya, don haka ake furta Auto da Faransanci, kuma haka suke kiran mota.

Ana saura kwanaki kaɗan gwajina ya ƙare Madam ta kira ni ofishinta. Mace ce da ba ta ɗaga murya, kuma hakan ya fi tsoratarwa. Ta ce, "Na rubuta wa kowa cewa ka gyara. Yanzu shugaban tashar yana kirana kowace safiya. Me ke faruwa?"

Na ce, "Madam, saitin yana komawa da kansa."

"Saiti ba ya komawa da kansa."

"Na sani, Madam. Amma yana komawa."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce in ɗauki sabon kati a sito, in hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, in cire tsohon da hannuna. "Idan bayan wannan ma ya koma, zan kira kamfanin waje. Sannan ni da kai mu zauna a kan maganar gwajinka." Na fito na nufi sito. A cikin jirgi ban ga komai ta taga ba, lissafi kawai nake yi na yadda zan kalli Mariyama.

Ba yadda za a yi in zo Lyon in sauka a otal, ai ya zama abin magana. A unguwar Les Minguettes da ke Vénissieux na kwana, gidan surukai, can saman bene. Hajiya Ramatu, mahaifiyar Mariyama, ta yi tuwo da miyar kuka mai ƙamshin man shanu, aka kai mini ɗaki na ci ni kaɗai. Da asuba muka yi salla, ni a bayansa. Ko karyawa bai tsaya yi ba ya ɗauki makullin mota. Hajiya ta bi shi da ido ta ce, "Yau ma?" Ya sa kai ya fita, na bi shi. A mota daga Vénissieux zuwa Saint-Fons salati kawai yake yi, ni kuma ina kallon bututun masana'antu suna ta hayaƙi.

Muka isa babu ko tanki ɗaya a fili. Ya buɗe ɗakin sabar da makullin da ke cikin zoben makullansa, ni ban ma lura ba a lokacin. Na ajiye jakata zan fara ciro sukurdireba, sai ya ce, yana kallon bango, "Malam, akwai mashin na kafe a ƙarshen baranda. Samo muna biyu kahin mu soma."

Na tafi samo kofin, wanda shi yake kira kafe. Na yi sa'a babu layi, kofin ya fito nan da nan. Na dawo da sauri don kar ya huce. Ƙofar ba ta rufu duka ba. Ta ɗan tsagin na hango shi zaune gaban allon da ke manne da sabar, gilashinsa a kan hanci. Allon nan ashe ba a taɓa rufe shi ba, tun zamanin da yake kula da ita a buɗe yake, shi ya sa rajista ba ta ganin kowa ya shiga. Ina kallo ya buɗe saitin katin, bai ko yi laluben wuri ba, ya sauka kan layin gudu, ya cire Auto, ya zaɓi 100 Full, ya danna. Fitilar bayan sabar ta mutu ta kama. Ya shafa fuska kamar wanda ya idar da addu'a.

Kai! Ban san lokacin da na ja da baya ba. Kofi yana ƙona mini yatsu ban ji ba. Da a ce na kama ɓarawo ne da na san abin yi. Amma Baba? Mutumin da ya ba ni 'yarsa, ya nemo mini aikin? Babu irin tunanin da bai zo mini ba. Ko na yi masa wani laifi ban sani ba? Ko haushin ƙwace sabar da aka yi daga hannunsa yake hucewa a kaina? Ko so yake a kore ni mu dawo Lyon kusa da shi? Na ji tsoro, na ji haushi, sannan na ji kunyar haushin da na ji. Na ajiye kofin a kan taga, na fita bayan gini inda ake shan taba, na kira Mariyama.

Na ce, "Na ga mai mayar da saitin."

"Wa?"

"Baba."

"Wane Baban? Attends, dakata. Babana?"

"Da idona na gani."

Ta ce kar in motsa daga inda nake. Ta kashe. Ina tsaye tankin farko ya shigo ya hau sikeli, na biyu ya biyo shi. Da ta sake kira, dariya take yi har numfashinta yana sarƙewa, daga baya na gane da kuka a ciki.

"C'est pas vrai! Ba zai yiwu ba! Bashir, ku biyun nan za ku kashe ni. Ka san abin da Mama ta ce? Wai makonni ke nan Baba ba ya karyawa a gida. Ya ce mata yaron nan ya yi kuskure a wurin aiki, ya sa wani abu da ba a sawa. Wai shekarun baya wani yaro ya taɓa sa shi, tashar ta tsaya cak, aka sallami yaron. Ya ce in Madam ta gane, kai ma korar ka za ta yi, ga ni da ciki. Shi ya sa yake sammako ya gyara kafin kowa ya zo. Asiri yake rufa maka!"

Na jingina da bango. Na ce, "To me ya sa bai gaya mini ba?"

"Mama ta tambaye shi. Ya ce yaya zai kunyata mijin 'yarshi. Kai me ya sa ba ka gaya mishi ba?"

Ta ce, "Bon. Yanzu shiga ka faɗa mishi."

"Ni? In shiga in ce wa Baba shi ne ke ɓata aikin?"

"Kai ba injiniya ba ne?"

"Injiniya ne, amma ba mahaukaci ba. Ki gaya wa Mama ta gaya masa."

"Bashir! Kuna gini ɗaya! Sai magana ta zo Paris, ta koma Minguettes, sannan ta dawo Saint-Fons?"

Na ce haka za a yi. Na tsara mata saƙon a taƙaice yadda Hajiya za ta iya riƙewa: lokacin da yake hutu a Damagaram an sauya saitin akwatin kebul daga Paris, abin da yake daidai a da yanzu shi ne ke kawo nauyin. Ta maimaita mini, ta ce Allah ya shirye mu, ta kashe.

Na ɗauki kofin da ya riga ya huce na shiga da sallama. Ya amsa bai tambaye ni inda na tsaya ba. Na ajiye masa nasa, na tsuguna gaban jakata ina ta jujjuya sabon katin a cikin ledarsa, kamar ina karanta wani abu. A waje an fara ham. Shi yana kallon fitilun sabar, ni ina kallon leda. Ban taɓa jin ƙarar fanka kamar ta ranar ba.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ɗaga. Ina jin muryar Hajiya sama-sama, ba na jin kalmomin. "Na'am. I, yana nan." Shiru. "Wa ya ce?" Shiru mai tsawo. "A Agusta?" Ya cire gilashinsa. "To. To. Na ji."

Ya ajiye wayar a kan cinyarsa. Can ya ce, da sabar yake magana ba da ni ba, "Ashe an taɓa akwatin nan ina gida."

Na ce wa ledar hannuna, "An taɓa, Baba."

"Ni kuwa ina gani gyarana ne ke kamawa zuwa azahar."

"Ni ne nake mayarwa da rana, Baba."

"Kullum?"

"Kullum."

Ya ce, "La'ilaha illallahu." Ya miƙe daga kujerar, ya ja ta baya kaɗan, ya nuna mini ita da hannu. Wallahi zaman nan ya fi mini komai wuya, in zauna shi yana tsaye. Na ɗosana a bakin kujerar, na mayar da Auto. Fitila ta mutu ta kama. Ba a jima ba muka ji firintar sikeli ta fara aiki ba tsayawa, ham ɗin waje ya yi ta raguwa har ya ɗauke.

Ni a raina na riga na gama shirya ƙarya. Zan sa sabon katin, in rubuta wa Madam cewa tsohon ne ya lalace, kowa ya tsira da mutuncinsa. Har na fara kwance leda. Sai na ga ya danna waya, ya sa ta a lasifika, ya ajiye tsakaninmu. Madam ta ɗauka.

Da Faransanci ya yi magana, a tsaye, hannunsa a baya. Ya ce mata ba kati ba ne, ba direba ba ne. "C'est moi, Madame," wato ni ne. Ya faɗi komai, da makullin da bai mayar ba, da allon da ke buɗe, da sammakon da yake yi. Na yi ta yi masa alama da hannu ya bari, bai ko kalle ni ba. Dattijon da ya kusa ritaya, yana tona kansa a gaban shugabarsa da kuma surukinsa. Sannan ya ce, "Bachir avait raison." Bashir ne ke da gaskiya tun ranar farko. Tun da na auri 'yarsa, ranar ce na fara jin sunana a bakinsa, kuma na san da Hausa ba zai iya ba. Idona ya cika, na sunkuyar da kai.

Madam ta ce, "Ban gane ba. Ku biyun nan ba kullum kuke waya ba?"

Ya ce, "Kullum, Madam."

"To me kuke faɗa wa juna?"

Ya ce, "Muna gaisawa."

Ban taɓa jin Madam Silbi ta yi dariya ba sai ranar, kuma ba na jin ta gane har yau. Ta ce in dawo da katin sito. Ta ce a rufe allon nan, kowa ya riƙa shiga da sunansa, kuma duk wanda ya sauya saiti, a Paris ko a Lyon, ya sanar da ɗaya ɓangaren a ranar. Dokar nan da kuke ƙorafi a kanta, daga ɗakin nan ta fito. Makulli kuwa ta ce ya ci gaba da riƙewa, don ta ga babu wanda ya damu da sabar kamarsa. Mako bai zagayo ba aka kira ni na sa hannu a kwangilar dindindin. Yarinyar da aka haifa bayan nan, a gida mai ɗaki biyu aka yi sunanta.

Abin da na koya shi ne wannan. Madam ta yi gaskiya, saiti ba ya komawa da kansa. Idan ka gyara abu ya koma, ka sake gyarawa ya sake komawa, to kafin ka sauke direba ka ɗora wani, tambayi waye ke da makullin ɗakin. Kuma kada ka ɗauka mai mayarwar maƙiyinka ne. A aikin nan na ga ɓarnar da sakaci ya yi, amma wadda ta kusa cinye ni, mutum biyu ne suka yi ta, kowa yana kare mutuncin ɗan'uwansa. Don haka ku gaisa, ku tambayi iyali, ku tambayi sanyi, ban hana ku ba. Amma kafin ku ajiye waya, ku faɗi abin da kuka taɓa.

Ranar, da Madam ta kashe waya, Alhaji ya ɗauki kofinsa da ya yi sanyi ƙalau, ya tura mini nawa da ɗan yatsa. Ya ce, "Sha, Malam. Kai ma na ji an ce ba ka karyawa." Na karɓa da hannu biyu. Na juya na fuskanci sabar, shi ma ya juya ya fuskanci ƙofa, muka sha.